Yadda Ake Ɗaukar Tsofaffin Duwatsun Kabari a Hoton Baƙi da Fari, da Bin Salsalar Masu Su

Yawancin kaburburanmu ba su da dutse mai rubutu. Tudun ƙasa ne, da guntun itace ko fasasshen tulu a wajen kai, sai a bayan nan aka fara kafa allon ƙarfe da aka rubuta suna da fenti. Damina biyu zuwa uku tudun ya kwanta, fentin ya kaɗe, wanda ya san wurin shi ma ya bi sahu. Shi ya sa ɗan abin da ya rage mai rubutu yake da daraja, kuma shi ya sa nake ganin duk mai waya ko kyamara da ke da sha'awar tarihin gidansu ya kamata ya koyi wannan aikin. Manufar ita ce a kuɓutar da rubutun kafin ya shafe, ba tare da an taɓa dutsen ba, sannan a kai sunan gaban tsofaffin da za su iya cewa wane ne.

Dutse na riƙe abin da baki ya manta. A 1939 aka gano wasu duwatsun kabari a Sane, kusa da Gao ta ƙasar Mali, da rubutun Larabci irin na Kufa. Wasunsu an sassaƙa su ne a Almeriya ta Andalus, a ƙasar Sifen ta yau, aka ratso Sahara da su, kuma ɗaya na ɗauke da rasuwar wani sarki a shekara ta 494 bayan Hijira, wato 1100. Da waɗannan duwatsun masana suka san sunayen sarakuna da sarauniyoyin da babu su a bakin marubuta.

Inda za ka nufa

A Lokoja akwai tsofaffin maƙabartun Turawa da na mishan, kuma a garin ne aka binne sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kai can, irin su Sarkin Kano Alu Babba wanda ya rasu a 1926, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Zungeru, wadda ta zama hedikwatar Arewa daga 1902 kafin a koma Kaduna, tana da tata tsohuwar maƙabartar. A Wusasa kusa da Zariya akwai kaburburan Hausawa Kiristoci masu suna da shekara. A Sudan, inda zuriyar alhazai da ta mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna a Mai Wurno da garuruwan bakin Shuɗin Nil, al'adar kafa alama mai rubutu ta fi ƙarfi a kan yadda take a nan. Sai kuma kaburburan sojojin da suka tafi yaƙin Bama, waɗanda zan yi magana a kansu a gaba. Amma kada ka raina maƙabartar unguwarku. Allunan ƙarfen da ke can sun fi kowane dutse saurin lalacewa, su ne ma suka fi buƙatar a hanzarta.

Izini da ladabi

Kafin ka fito da kyamara, ka nemi mai gadin maƙabarta ko kwamitinta, in a ƙauye ne ka fara da mai unguwa. Ka faɗi abin da ya kawo ka ƙarara: "Ranka ya daɗe, kabarin kakanmu nake nema, ina so in ɗauki rubutun da ke jiki don kada ya ɓace mana." Mutane na da dalilin zargin baƙon da ke yawo tsakanin kaburbura, domin an sha kama masu tonon asiri da ɓarayin alluna. In an ce a'a, ka yi godiya ka tafi. In hubbare ne ko kabarin sarauta, masu kula da wurin su ke da magana ta ƙarshe.

Ka shiga da sallamar da aka koyar ga ma'abota kabari, ka yi musu addu'a. Kada ka taka kabari, kada ka zauna a kansa, kada ka ɗora jaka ko ƙafar kyamara a kai. In ana jana'iza, ka ajiye aikin gaba ɗaya. Malamai sun yi saɓani a kan rubutu a jikin kabari: akwai hadisin da ya hana yi wa kabari yaɓe da yin gini a kansa, wasu ruwayoyin sun haɗa da rubutu, akwai kuma ruwayar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aza dutse a kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Kai ba kafa sabon abu ka zo yi ba, abin da ka tarar kake adanawa. Duk da haka in zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malaminka tun kafin ka fita.

Ka sa takalmi rufaffe. Tsohuwar maƙabarta gidan kunama da maciji ce, musamman ƙarshen damina da ciyawa ta rufe ko'ina, kuma tsohon kabari kan rufta da mutum.

Kayan aiki

Waya mai kyamara mai kyau ta isa. In kana da babbar kyamara, madalla. Abin da ya fi kyamarar muhimmanci shi ne madubi, irin dogon nan na jikin bango, ko faffaɗan kwali da ka lulluɓe da takardar ƙyalli ta naɗe abinci. Ka haɗa da tocila mai ƙarfi, lema ko baƙin zane, mazaunin kyamara mai ƙafa uku, rula, littafi da biro, da mutum ɗaya da zai riƙe maka madubin. Shi ke nan.

Haske shi ne aikin

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Sai mutum ya tsaya gaban dutse da rana a bayansa, ko ya kunna filashin waya, ya ɗauka, ya koma gida ya tarar da fili fetal babu harafi ko ɗaya. Rubutun da aka sassaƙa rami ne, ido kuwa ba ya ganin rami sai da inuwa a cikinsa. Hasken da ya bugi dutse gaba da gaba yana cike ramin ya kashe inuwar. Wanda ya zo daga gefe, ƙasa-ƙasa, kamar zai shafi fuskar dutsen ya wuce, shi ke zuba inuwa a cikin kowane harafi. Duk wanda ya yi tuƙi da dare ya ga yadda fitilar mota ke fito da kowane rami da tudu na hanya, waɗanda da tsakar rana ba a lura da su. Abin da kake nema ke nan a jikin dutse.

Saboda haka ziyarar farko ta dubawa ce. Ka lura ina fuskar dutsen ke kallo. Wanda ke kallon gabas, da sassafe rana na bugunsa kai tsaye, sai hantsi ya ɗaga sosai dab da tsakar rana ne hasken ke zamewa ta samansa ya fito da rubutu. Mai kallon yamma kuwa jim kaɗan bayan rana ta karkata, wajen azahar. Mai kallon kudu ya fi kyau da safe ko da la'asar, lokacin da rana ke gefensa. Wanda aka kwantar a ƙasa yana son fitowar rana ko la'asar sakaliya. Mai kallon arewa shi ne mai wuya, don a ƙasarmu tun daga ƙarshen Satumba har Maris rana ta kudu take bi, ba ta taɓa fuskarsa ko kaɗan.

A nan madubi ke shigowa. Abokin aikinka ya tsaya can gefe inda rana take, ya tare ta da madubin ya jefo hasken a fuskar dutsen daga gefe. Kai kana kallon allon kyamara kana ce masa ya matsa, ya ɗaga, ya sunkuyar, har ka ga haruffan sun tashi. In rana ta yi wa dutsen yawa, ka yi masa inuwa da lema tukuna, sannan madubi ya kawo hasken ta inda kake so. Kwali mai ƙyalli ya fi madubi taushin haske, ya fi dacewa da rubutu mai zurfi. Madubi ya fi ga wanda ya kusa shafewa. In babu rana, ka rufe kanka da dutsen da baƙin zane ba tare da zanen ya gogi rubutun ba, ka haska tocila daga gefe. Ban ba ka shawarar zuwa maƙabarta da dare don wannan ba, zanen ya wadatar.

Ga dutsen da ya ci tura, ka kafa kyamara kada ta motsa, ka ɗauka sau shida ko takwas kana sauya inda hasken ke fitowa: dama, hagu, sama, da kusurwoyi. Layin da ya miƙe tsaye hasken gefe ke nuna shi, wanda ya kwanta kuwa hasken sama. Rubutun Larabci na da jan layi a kwance da yawa, don haka sau da yawa hasken da ya gangaro daga kusurwar sama ya fi yi masa kyau. In ka jera hotunan a kwamfuta kana wucewa ɗaya bayan ɗaya, harafin da ya ɓuya a wannan zai bayyana a wancan.

Hazon hunturu na watsa haske ya kashe inuwa. Yana da kyau ga hoton maƙabarta baki ɗaya, da bishiyoyi suna narkewa a baya, amma rana mai hazo ba ranar karanta rubutu ba ce, sai dai da tocila. Ƙura kuma na shiga kyamara, kada ka sauya gilashinta a fili.

Abin da ba a yi wa dutse

Kada ka goga alli, gawayi, gari ko toka don rubutu ya fito. Kada ka sa buroshin waya, sabulu ko ruwan bilicin, kada ka ɓanɓare gansakuka da wuƙa, kada kuma ka bi tsohon rubutu da sabon fenti. Tsohon siminti da dutse mai laushi suna marmashewa, abin da ka goge yau ba ya dawowa, kuma mai bin rubutu da fenti abin da yake zato yake rubutawa. In ƙura ce ta cike haruffa, tsintsiya mai laushi ko ɗan fesin ruwa zalla ya isa, shi ma da izini. Ruwan ma na da amfani: in saman dutsen ya fara bushewa cikin haruffa na nan da danshi, sai su yi duhu su fito na ɗan lokaci.

Saita kyamara da ɗauka

Ka durƙusa har kyamara ta yi daidai da tsakiyar rubutun, fuskarta na kallon fuskar dutsen sak. Ɗauka daga tsaye na karkatar da layuka. Da waya, ka ɗan ja baya ka yi amfani da gilashin kusantowa na ninki biyu in akwai, don na faɗi yana lanƙwasa gefuna. Ka taɓa kan haruffan a allo don ta kama su, ka ɗan rage haske in dutsen fari ne, domin farin da ya ƙone ba ya gyaruwa. Da babbar kyamara, ka saita ƙarfin karɓar haske (ISO) a 100, faɗin ƙofar gilashi kuma a f/8, a kan mazauni, da jinkirin daƙiƙa biyu don kada hannu ya girgiza ta. In na'urarka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da na'urar ba ta sarrafa ba, ka kunna shi.

Shawara mafi muhimmanci a nan: ka ɗauka da launi, ka mayar baƙi da fari daga baya. Launin ne zai ba ka ikon zaɓar abin da zai yi haske da abin da zai yi duhu.

Kowane kabari ka yi masa aƙalla hoto huɗu: na nesa mai nuna inda yake da wata alama kamar bishiya ko katanga, na dutsen gaba ɗaya da rula a gefensa, na rubutun kurkusa, da na baya ko gefe in akwai wani abu a can. Ka kunna alamar wuri a waya. Sannan tun kana wurin ka kwafe rubutun da hannu a littafi, layi bayan layi, yadda yake har da kurensa. Inda ba ka iya karantawa ka bar gurbi da ɗigo-ɗigo.

Mayarwa baƙi da fari

Dalilin cire launi shi ne tsohon dutse cike yake da tabo: ruwan ɗorawa na gansakuka, jan ƙasa, tsatsa, kashin tsuntsu. Ido na bin launi ya bar rubutu. In launin ya tafi, sai inuwa da siffa su rage. A manhajar gyaran hoto ta Snapseed akwai matatun launi a cikin sashen baƙi da fari, a ta Lightroom kuma kowane launi na da nasa layin da ake ja don ƙara ko rage haskensa. Ƙa'idar ɗaya ce: matata na haskaka launinta, tana duhunta kishiyarsa. In tabo mai ruwan lemo ya ɓata farin dutse, matata ja ko ruwan lemo za ta haskaka shi ya saje da dutsen, ta kuma duhunta shuɗin sama. In allon ƙarfe ne da ya yi tsatsa da ragowar farin fenti, ka juya: matata shuɗiya za ta mai da tsatsar baƙa, farin ya tsaya a kanta. Wannan dabarar kaɗai ta isa ta dawo da sunan da kake zaton ya tafi.

Ka ƙara bambancin haske da duhu a hankali, ka tsaya kafin ƙwayar dutsen ta fara kama da haruffa. Kada ka zana ko gyara harafi da hannu a manhaja. Ka ajiye na asali mai launi kusa da wanda ka gyara. Masu son fim na gaske, Ilford FP4 Plus mai ISO 125 na da laushin ƙwaya da ya dace da wannan aikin, da matata ruwan ɗorawa ko ruwan lemo a bakin gilashi.

Karanta abin da ka samo

In shekarar Hijira ce, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu ta Miladiyya da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba. Shehu Usman Ɗan Fodiyo ya rasu a 1232, lissafin ya ba da 1817, kuma haka ne. Ka kula da lambobin Larabci a tsohon dutse: biyu da uku haƙori ɗaya ya raba su, bakwai da takwas juyin juna ne, biyar kama take da sifirin boko, sifiri kuwa ɗigo ne da ke saurin ɓacewa. A rubutun Magaribi irin na allo, fa'un ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. In ka ga kalmar da ba ta da ma'ana a wurin shekara, wataƙila ramzi ne, inda haruffa ke tsayawa a madadin lambobi. Ka kai wa malamin zaure ya warware maka.

Daga suna zuwa salsala

Dutse suna da shekara kawai zai ba ka. Sauran na bakin masu rai, kuma su ma ba jira suke ba. Ka wanke hoton a takarda babba, don tsoho ba ya jin daɗin leƙen waya, ka kai wa mafi tsufa a gidan. Kada ka tsaya ga maza. Gwaggo da Inna su ne suka san wa ya auri wa, wa aka yaye a gidan wa, wace ce ta zo daga wani gari. Ka nemi izinin naɗar murya, ka tambaya a sake: "Gwaggo, wannan Malam Audun, shi ne mahaifin su Baba ko ƙanensa ne?" Ka bar ta ta yi ta zagaye, a cikin zagayen ake samun abin da ba a tambaya ba.

Sunaye za su ruɗe ka in ba ka shirya ba. Audu shi ne Abdullahi, Garba Abubakar, Mamman Muhammadu, Shehu Usman, Sanda Umaru. Mace ba ta kiran sunan mijinta ko ɗanta na fari, don haka mutumin da dutse ya kira Ibrahim wataƙila duk gidan da Tanko ko Ɗanjuma suka san shi. Ka rubuta kowane suna da laƙabi da wanda ya faɗa maka shi.

Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke auna ta. Ka riƙe 'yan ginshiƙai: isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, sarautar Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, rasuwar Sardauna a Janairun 1966, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. In an ce "ana goyon babanka aka yi canjin kuɗi", ka samu shekara. In maganar tsoho ta saɓa da dutse, ka rubuta duka biyun. Allon da jikoki suka kafa bayan shekara talatin na iya yin kure fiye da ƙwaƙwalwar wadda aka yi abin a gabanta.

Daga nan sai takardu. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna na da fayilolin gundumomi da na haraji na zamanin En'e. Akwai Arewa House a Kaduna, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da hukumar tarihi da al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. A gida ma ka nemi tsohon Alƙur'ani ko kundin malamin gidan, don a bangon irinsu ake rubuta haihuwa da rasuwa.

In kakanku soja ne da bai dawo daga Bama ba, akwai hanya ta musamman. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama a 1944 da 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, tana da rumbun sunaye a intanet da kowa zai iya bincikawa kyauta. Maƙabartar Taukkyan a arewacin birnin Yangon na Bama na da kaburbura sama da 6,000, kuma ginshiƙan tunawa da ke tsakiyarta na ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu da 'yan Afirka ta Yamma da yawa. Soja akan rubuta shi da sunansa da garinsu, kamar a ce Musa Kano ko Garba Sokoto, da irin rubutun da Bature ya ji a kunnensa, don haka ka gwada Garuba, Momo, Abudu da makamantansu. Lambar soja ita ce ke raba masu suna ɗaya. Ka duba gefen lambar yabo ko takardar fansho in suna gida. Alamun kaburburan Taukkyan na tagulla ne a kan ɗan dakali, suna ƙyalli, don haka in ka samu mai ɗauko maka, ka ce ya yi wa allon inuwa da lema ya ɗauka daga sama sak. In ba ka ga sunan ba, kada ka ɗauka labarin gidanku ne ƙarya: a 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoton da ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba.

Adanawa

Ka sa wa kowane hoto suna mai ma'ana: gari, maƙabarta, sunan mamaci, ranar ɗauka. Ka haɗa shi a jaka ɗaya da kwafin rubutun, da muryar da ka naɗa, da zanen salsalar da ka fitar. Ka ajiye a wuri biyu ban da wayarka. Ka wanke kwafi biyu ko uku, ka rubuta bayani a bayansu da fensir, ka raba wa gidaje daban-daban na dangi. Kafin ka sa hoton kabarin wani a Facebook ko WhatsApp ka tambayi iyalansa, kuma sunayen masu rai da ke cikin salsalar ka bar su a takardar gida.